Tsadar bargon gwanjo da yaran Sakkwato masu kwana cikin sanyi

Malam Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana a kan bargo. Na san ƙasa tana fama da abubuwa masu nauyi, wani ma zai ce ina ruwan shafin jarida da bargo. Amma bargon gwanjo, wanda shekara da shekaru shi ne rufin asirin talaka da hunturu, yau ya fi ƙarfin yawancin gidajen da na sani a Sakkwato, kuma yadda masu taimako ke saye su raba yana ƙara masa tsada ba da saninsu ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan.

Ni tela ce, ina ɗinki a cikin gida a Runjin Sambo, ina kuma saƙa kayan sanyin jarirai da kwarashi. Maigidana, Allah Ya jiƙansa, ɗan gwanjo ne tun yana saurayi har ya koma ga Mahaliccinsa, yanzu ƙaninsa ke riƙe da rumfar. A tsakar gidana ake wanke kayan da suka fito da tabo, a kan kekena ake gyara waɗanda ɗinkinsu ya ɓalle kafin a kai su kasuwa. Saboda haka abin da zan faɗa a kan farashi, da idona na gan shi.

Baƙi sun san garinmu da zafi, kuma suna da gaskiya, domin a watan Afrilu ma'auni yana wuce 40. Amma daga Disamba zuwa Fabrairu, idan iskar hunturu ta taso daga hamada, sanyin goshin asuba yana sauka har wajen 15. Babban mutum da ya ci ya ƙoshi, ya rufe ƙofa da taga, daɗi ma zai ji. Yaro ɗan shekara 7 da ya kwanta a kan buhu a zauren makarantar allo, siminti a ƙasa, ƙofa babu ƙyaure, shi ya san irin daren da yake gani. Haka 'ya'yan bayin Allah da 'yan bindiga suka koro daga yankunan Sabon Birni da Isa da Rabah da Goronyo, waɗanda ke zaune a kangaye a gefen gari. 'Yata ma'aikaciyar jinya ce, ta sha gaya mini cewa yaron da tamowa ta kama, jikinsa ba ya riƙe ɗumi, sanyin da lafiyayye zai jure shi yana iya ajalinsa, shi ya sa lulluɓe shi yake cikin magani kamar madarar da ake ba shi. Bakwaini ma haka. Uwar da ba ta da abin rufa kuwa sai ta shigar da kaskon gawayi ɗaki ta ja ƙofa, kuma duk shekara muna jin abin da hakan ke jawowa na gobara da shaƙar hayaƙi.

Maganar da aka fi jefa wa 'yan gwanjo ita ce: kaya Turawa sun bayar sadaka, ku kun tsuga musu kuɗi. Farkon maganar gaskiya ne. A Ingila da Amurka mutum yana kwashe tufafin da ya gaji da su ya kai shagon ƙungiyar agaji kyauta, irin su Oxfam, wadda ta buɗe shagonta na farko jim kaɗan bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ko Goodwill, wadda wani limamin coci ya fara a Boston a 1902. Sai dai waɗannan ƙungiyoyi sayar da kayan suke yi don su tara kuɗin aikinsu. Kaɗan daga abin da aka kawo ne ke samun mai saye a shagon. Ragowar ana sayar wa kamfanoni a kan sikeli, su kuma su tantance, riga wuri guda, wando wuri guda, bargo wuri guda, su ware mai kyau da mai dama-dama, su matse da inji su ɗaure dila-dila, galibi mai kilo 45 ko 55. Daga nan sadaka ta ƙare, kaya ya zama haja, da dala ko fam ake cinikinsa. Can ɗin ma talakawansu suna kukan shagunan sun yi tsada, domin samari da 'yan mata masu hali sun mayar da sa gwanjo ado, ga kuma masu tsince na ƙwarai su sake sayarwa ta intanet. Tun kafin a ɗaure dilar da za ta zo mana, an riga an cire mafi kyau.

Sannan sai hanya. Dokar Najeriya ta hana shigo da tufafin gwanjo, suna cikin jerin kayan da aka haramta. Don haka jirgin ruwa sai ya sauke a Kwatano ko Lome, kaya ya zagayo ta kan iyaka, wani ta wajen Legas, wani ta Nijar, ya faɗo Ƙofar Wambai a Kano ko ya biyo ta Ƙonni ya shigo Illela. Kayan da ke tafiya a ɓoye kuwa, kowane zango da kuɗinsa, kuma a kan mai saye na ƙarshe abin yake ƙarewa. A kan wannan sai ga abubuwan da kowa ya gani. An rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019, ba a buɗe Illela ba sai Disambar 2020. A Mayun 2023 aka cire tallafin mai, kuɗin mota ya tashi. A Yuni aka saki naira, dalar da banki ke canzawa wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, sefa ma ta bi sahu. A Yuli sojoji suka yi juyin mulki a Nijar, aka sake garƙame iyaka, Najeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai Maris 2024. Mu da Illela ce ƙofarmu, mun fi kowa jin wannan a jika.

Yanzu ga yadda ake sa farashi a rumfa, domin nan ne mutane suka fi zargi. Dila a ɗaure ake sayenta, ba a leƙa ciki. Maigidana ba ya yanke ɗauri sai ya yi bismillah, domin jarinsa duka yana ciki, bai kuma san abin da zai tarar ba. Tun kafin a yanke, masu zaɓin farko suna tsaye a kai, masu shagunan gilashi da 'yan aiken manyan gidaje. Su ɗauki na ƙwarai su biya da tsoka. Sai na tsakiya, wanda ake ratayewa a rumfa. Sai ƙasan dila, mai yaga, mai ƙunar sigari, mai tabon da ba ya fita, wanda sau da yawa ko kuɗin sabulu ba ya mayarwa. Tilas ɗan kasuwa ya fitar da uwar kuɗinsa gaba ɗaya daga kashi biyun farko. Akwai kuma abin da mai saye ba ya lura da shi: nauyi ake saye a dila, ba a ƙidaya. Dilar rigunan yara tana ɗaukar ɗaruruwa, sai tsadar ta rarrabu a kansu, kowace riga ta ɗan ɗauki kaɗan. Bargo mai kauri kuwa yana kai kilo 2. A ƙaddara dila kilo 50 ce, a raba da 2, guda 25 ke nan, a cire masu yaga. Duk ƙarin da dala da mota da iyaka suka kawo, a kan waɗannan 'yan ƙalilan yake sauka. Shi ya sa uwa take iya daurewa ta saya wa ɗanta suwaita, amma idan ta tambayi bargo sai ta saki ta juya.

Ban ce 'yan gwanjo waliyyai ne ba. Akwai masu sayen barguna tun da damina su kulle a sito, ba za su fito da su ba sai ranar da hazo ya rufe gari, su ninka kuɗi. Akwai masu sa farashi da kallon fuska, idan sun ga tsohuwa ce daga ƙauye ko yaro aka aiko, sai su ƙara. Akwai masu cusa sabon bargon roba marar kauri, irin wanda wanki biyu ke kashewa, cikin na dila su rantse na Ingila ne. Na faɗa wa ƙanin maigidana a gabansa, ina kuma maimaitawa a nan don sauran abokan sana'arsa: riba halal ce, amma jiran ranar da yaro ke karkarwa kafin a ɗaga farashi, mutum ya ji tsoron Allah.

Inda na fi son masu karatu su tsaya shi ne a kan taimakon da muke yi. Duk shekara, idan sanyi ya kankama, sai ƙungiyoyi da masu hali da 'yan siyasa su shigo kasuwa da kuɗi a hannu, wannan yana neman bargo 100, wancan 300. Allah Ya saka musu, na yarda yawancinsu don Allah suke yi. Amma a duba abin da ke biyo baya. Ɗan kasuwa ya fi son mai kwashewa gaba ɗaya a kan mai tayin guda. Cikin kwanaki kaɗan rumfuna su yi fayau, ɗan abin da ya rage ya ƙara kuɗi. Matar da ta yi watanni tana zuba adashi don ta saya wa 'ya'yanta bargo ɗaya su haɗu a ciki, ta zo ta tarar babu, ko ta tarar kuɗinta bai kai ba. Barguna ba su ƙaru a garin ba, an dai ɗauke daga hannun wani talaka an miƙa wa wani.

Ga kuma makara. Kafin a tara kuɗi, a buga ƙyallen sanarwa, a sami ranar da babban baƙo ke da sukuni, Janairu ta kusa ƙarewa, yara sun riga sun sha mafi tsananin sanyin. Sannan abin da ake rabawa bargon manya ne, na gado mai faɗi. Ka ba ƙaramin almajiri irin wannan, ko dai manyan ɗalibai su karɓe, ko yunwa ta sa a sayar. Na ga bargon rabo ya dawo rumfa ko daga ledarsa ba a fitar da shi ba, ban kuma ga laifin wanda ya kawo ba, domin ciki ya riga sanyi kuka. Idan ma ya tsira a hannun yaron, ba ya iya ɗaga shi idan ya jiƙe balle ya wanke, sai ya zama gidan kuɗin cizo da ƙwarƙwata, ƙazuwa ta bi yara ɗaya bayan ɗaya.

'Yata ce ta nuna mini a waya yadda wasu ƙasashe ke yi, abin ya tsaya mini a rai. A Amurka akwai ƙungiya mai suna Project Linus. Wata mata, Karen Loucks, ta fara ta a Denver a 1995, bayan ta karanta labarin wata ƙaramar yarinya da ake yi wa maganin ciwon daji, wadda ba ta rabuwa da bargonta duk lokacin da za a ɗora mata magani. Sai matar ta fara yi wa yaran asibitin ciwon daji na garinsu barguna da hannunta. Yau ƙungiyar tana da rassa ko'ina a ƙasar, ta raba miliyoyin barguna ga yara marasa lafiya da waɗanda wata masifa ta faɗa wa. Sharaɗinsu shi ne bargon ya zama sabo, aikin hannu, mai wankuwa, ba warin taba, kuma na yaron ne har abada, da shi zai koma gida. A Afirka ta Kudu, inda ake sanyi na gaske, akwai Knit-a-Square, wadda aka fara a 2008. Su ba sa ce wa mace ta saƙa bargo sukutum. Ɗan murabba'i kawai za ta saƙa, santimita 20 kowane gefe, wato kamar taki ɗaya, ta aika. Idan an tara 35 sai a harhaɗa su zama bargon maraya guda. Dabarar ta burge ni ƙwarai, domin ta buɗe ƙofa ga macen da ba ta da lokaci ko zare mai yawa.

Wannan aiki ba baƙo ba ne a ƙasar Sakkwato. Kakata har ta tsufa mazari bai bar hannunta ba. Ita ke kaɗi, a kai wa masaƙa abawa, su fitar da gwado da luru masu nauyi waɗanda uba ke rufa da su ɗa ya gada. Gidan da ke da hali kuma akwai sakala ta gashin tumaki. Mun bar wannan muka koma ga masaƙun zamani, su ma na Gusau da na Kakuri a Kaduna suka durƙushe, sai muka wayi gari abin rufar 'ya'yanmu yana jiran abin da wata ƙasa ta gaji da shi. Ta fuskar tsari ma muna da gado. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta kafa 'Yan Taru, kowace ƙungiyar mata da jajinta, wato malamar da ke jagorantarta, suna tahowa daga ƙauyuka su ɗauki karatu, suna riƙe da sadakar da ake raba wa mabuƙata. Yau kowace unguwa tana da Islamiyyar matan aure, ga ƙungiyoyin adashi, ga FOMWAN, tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi ta Najeriya, da ke aiki tun 1985. Matan suna nan a haɗe, aikin ne ba a ɗora musu ba.

Sai dai kada mu kwaikwayi na waje ido rufe. Ulu daga waje yake zuwa, shi ma dala ke sa masa farashi. Na lissafa, saƙa bargon yaro babba da ulu ya fi sayen na gwanjo tsada. Saƙa a bar ta ga jarirai: hula, safa, ɗan shawul. Abin da muke da shi a banza shi ne ƙyallayen teloli. Duk wanda ya shiga shagon tela ana saura mako biyu salla ya san tulin guntayen atamfa da shadda da yadi da ke ƙarƙashin tebur. Ƙarshensu wuta, ko a zuba a kwata su toshe hanyar ruwa da damina.

Ga yadda nake haɗawa. Falle uku ne. Na sama, a yanka ƙyallaye murabba'i taki ɗaya-ɗaya, a jona su a keke har su kai faɗin kamu 2 da tsawon kamu 3, wanda ya ishi yaro har ɗan shekara 10. Na tsakiya, wanda shi ne mai riƙe ɗumi, a nan ƙasan dila ke da rana: bargon manya da ya yage a gefe ko ya ƙone a tsakiya, idan an yanke wurin da ya lalace, yana ba da cikin bargon yara biyu. A wanke shi da ruwan zafi da sabulu, a shanya ya sha rana sosai. Na ƙasa kuma shafi ne, yadi mai laushi marar tsada ko zane mai sauran ƙarfi da aka wanke tas. A haɗa ukun a bi su da ɗinki layi-layi, tsaye da kwance, don kada na ciki ya dunƙule wajen wanki, sannan a kalmasa baki da ƙyalle mai ƙarfi. Kada a sa maɓalli ko duwatsun ado ko leshi, yaro ƙarami yana iya ɓalle su ya haɗiye. A zaɓi auduga a fallen waje, a guji yadin roba, domin almajirai a bakin wuta suke karatun dare, roba kuwa narkewa take ta manne a fata. Na jarirai ya zama marar nauyi, a kuma gaya wa uwa kada ta rufe masa fuska. Macen da hannunta ya faɗa tana gama ɗaya a yini, da aikin gidanta da komai. Wadda ba ta da keke tana iya yanka da jerawa, tsofaffi ma suna iya kalmasa da allura.

Irin wannan bargo yana da abin da na kasuwa ba shi da shi. Ƙarami ne, babba ba zai yi sha'awarsa ba. Babu biyu masu kama da juna, don haka idan an ɗauke, kowa a makarantar ya san mai shi. Ba shi da kasuwa, ba wanda zai kai shi rumfa. Yaro da kansa zai wanke shi a bokiti da safe, kafin la'asar iskar hunturu ta busar. Akwai almajirin da ke yi mini aike, ɗan wajen Gwadabawa. Na ɗinka masa ɗaya, na rubuta sunansa da ajami da jan zare a kusurwa. Da na miƙa masa sai ya tsaya yana bin haruffan da yatsa, ya ce, “Inna, nawa ne ni kaɗai?” Yaron nan tun da aka kawo shi birni, riga kwance ce, kwano na wani ne, abinci ragowa ne. Ba a taɓa zama an yi wani abu musamman dominsa ba. Da ya je ganin gida ya tafi da shi, ya kuma dawo da shi a naɗe cikin buhunsa.

Akwai bambanci ɗaya babba tsakaninmu da matan Amurka, kuma kada a tsallake shi. Da yawa daga masu yi musu ɗinkin nan suna da abin hannunsu, kyauta suke yi don neman lada da ɗebe kewa. A nan kuwa macen da ta iya keke sau da yawa ita kanta mabuƙaciya ce. Mai hali ta yi don Allah, amma a biya gwauraye masu riƙon marayu da matan da aka koro daga garuruwansu ladan ɗinki, kowane bargo da kuɗinsa. Kuɗin da ƙungiya za ta kai kasuwa ya bi dila ya koma dala, idan aka bi ta nan, sai ya tsaya a Mabera da Gidan Igwai da Arkilla, ya zama gero a tukunyar wata. 'Yan gwanjo ma ba su yi asara ba, sun sami mai sayen ƙasan dilar da ke cushe musu rumfa, na ratayen kuma ya rage wa mai sayen guda. Ina kira ga Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha, wadda aka san ta da tallafa wa marayu da marasa lafiya, ta duba wannan hanya. Wuraren kaiwa ba ɓoyayyu ba ne: makarantun allo, gidan marayu, zangon 'yan gudun hijira, ɗakunan yara na asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da asibitin mata da yara na Maryam Abacha, da asibitin cutar nan mai cin fuskar yara da ake kira Noma, inda ake kawo yara daga ƙauyuka masu nisa su yi makonni ana gyara musu fuska. A fara neman izinin hukumar asibiti, a bi ƙa'idarsu ta tsabta, domin su suka san abin da ya dace da ɗakin marasa lafiya.

Na san wani zai ce bargo ba ya maganin bara, ba ya mayar da ɗan gudun hijira gonarsa. Gaskiya ne. Uban da ya ɗauko yaro ɗan shekara 6 ya ajiye a birni ba tabarma ba mayafi, akwai tambaya a kansa ranar gobe, kuma ina roƙon alarammomi, Allah Ya gafarta Malam, kada ku karɓi yaro sai da abin shimfiɗarsa da abin rufarsa. Gwamnati ma nauyin tsaro yana wuyanta. Amma kafin a gyara waɗannan, Disamba za ta zo, yaran kuma suna nan inda suke.

Roƙo ɗaya kuma ga masu rabo: a daina jera yara a rana ana ɗaukar hotonsu riƙe da bargo. Idan masu ba da kuɗi suna son shaida, a ɗauki hoton bargunan da rasit. Cikin mutum bakwai da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce za su shiga inuwar Al'arshi, akwai wanda ya ɓoye sadakarsa har hagunsa ba ta san abin da damansa ta bayar ba. Yaron nan zai girma, hoton kuma yana nan a Facebook.

Lokaci shi ne ginshiƙin abin duka. A 'yan shekarun nan sallolin biyu suna faɗowa tsakanin Maris da Yuni, lokacin da ƙyallaye suka fi yawa ke nan. Shi ne kuma lokacin da bargo ya fi araha, domin cikin zafin bazara ba mai tambayarsa, ɗan gwanjo murna zai yi a rage masa kaya. A tara a lokacin, a yi ɗinki da damina, a raba a farkon Nuwamba tun hazo bai sauko ba. Shugabannin ƙungiyar teloli su sa kowane shago ya ajiye buhu biyu a ƙarƙashin tebur, ɗaya na auduga ɗaya na roba, kada a haɗa su da shara. Kowace Islamiyya ta zaɓi mace ɗaya mai amana da za ta riƙa aika yara su karɓo, ta riƙe littafin wanda ya kawo da wanda aka ba. Gidan Rediyon Rima ya taimaka da sanarwa a shirin mata. Kai kuma Malam Edita, idan Allah Ya kai mu watan Yuli, lokacin da kowa ya manta da sanyi, ina roƙon ka sake tado da maganar nan a shafinka, domin a lokacin ne ya kamata kekuna su fara aiki.

Wassalam.

Mai karatunku a kullum,
wata tela daga Runjin Sambo, Sakkwato.